MUN TOSHE TAGOGI, MUN SHIGAR DA WUTA ƊAKA

Wani dare cikin hunturun bara na kwana a ɗakin wani ɗan'uwana a Agege, cikin irin gidajen hayan nan na Ikko masu ɗakuna a jere suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya. Da aka ɗauke wuta sai maƙwabcinsa ya tayar da ɗan ƙaramin janareta, ya ajiye shi cikin lungun, don ya ce in ya bar shi a waje kafin asuba ya zama na wani. Muka rufe ƙofa saboda ƙara, taga kuwa dama an daɗe da liƙe ta da kwali saboda sauro. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka kaina kamar zai tsage, ga jiri, ga tashin zuciya. Ɗan'uwan nawa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, in jure har gari ya waye. Na dai ja shi muka fita bakin titi muka zauna, kafin sa'a guda ciwon ya fara sauka. Ashe ba zazzaɓi ba ne. Da mun ci gaba da barci, watakila da wani ne ke rubuta wannan shafi yau.

Abin da ya so ya halaka mu wata iska ce mai guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa fita daga duk abin da ke cin wuta bai samu wadatacciyar iska ba, ko fetur ne, ko kananzir, ko gawayi, ko itace. Idan mutum ya shaƙe ta, jininsa yakan kama ta fiye da yadda yake kama iskar da ke rayar da shi har sau 200 ko fiye, watau sai jinin ya riƙa zagayawa amma babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wanda yake a farke yakan ji ciwon kai da kasala. Mai barci kuwa sai dai ya zarce. Wannan shi ne asalin yawancin labaran nan da muke bugawa na iyali guda da aka fasa ƙofa aka tarar da su babu rai, mutane su yi ta zargin sammu ko abincin dare, alhali kuwa janareta na nan a gefe man cikinsa ya ƙare. Hukumomin lafiya na Amurka sun yi gargaɗin kada a tayar da shi sai a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20. Lungu ba waje ba ne, haka zaure, haka ƙarƙashin matakalar bene.

Kada mutumin Arewa ya ce wannan matsalar 'yan Kudu ce. A Kano ko Jos ko Funtuwa, idan sanyi ya tsananta a watan Disamba da Janairu, al'adarmu ce a zuba garwashi a kasko a shigar ɗaka, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, musamman ɗakin tsoho ko na mai jego. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi shi ne aka fi amincewa da shi, shi ne kuma ke fitar da wannan guba ba tare da kowa ya sani ba. In dole ne a ji ɗumi, to, a bar taga a buɗe, a kuma fitar da kaskon kafin a kwanta.

Amma fa wanda ke kisa dare ɗaya ba shi ne ya fi ɗibar rayuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kamar miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Mafi yawan wannan ɓarna daga hayaƙin girki take. A cikin hayaƙin itace akwai wani irin toka mai laushin gaske wanda gashin hanci ba ya iya tarewa, yakan wuce har can ƙarshen huhu ya zauna. A jikin yaro yana buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa, a jikin babba kuwa yakan jawo tari wanda ba ya warkewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Wa ke shaƙarsa? Matar da ke durƙushe gaban murhu sau uku a yini, da jaririn da ke goye a bayanta. Maigida yana zaure ko kasuwa, sai dai a kawo masa tuwo.

Risho ma bai tsira ba, domin tun 2014 hukumar ta ba da shawarar a guji amfani da kananzir a cikin gida. Na san mai karatu zai ce to a koma ina? Gaskiyarsa. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, aka bi da na fetur a 2023, kome ya yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da tukunyar gas sun koma gawayi. Ba zan ce wa mai neman na cefane ya sayi abin da ba shi da hali ba. Amma fitar da murhu tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa ba ya cin ko kwabo, haka shanya itace ya bushe sarai kafin a hura shi, haka sauke goyo a ba wani ya riƙe har a gama girki.

Sai maganin sauro na kunnawa, wanda kusan kowane ɗaki ke kwana da shi. Wani bincike da aka buga a 2003 kan irin waɗanda ake yi a ƙasashen Asiya ya nuna cewa guda ɗaya yana fitar da wannan toka mai laushi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Mutumin da ba zai yarda a sha taba kusa da ɗansa ba, shi ne zai kunna wannan a gindin gadon yaron ya ja ƙofa. Gidan sauro ya fi shi aiki, ba ya kuma sa tari. Turaren wuta kuwa, ba na son in ja faɗa da iyayenmu mata, sai dai in ce hayaƙi hayaƙi ne ko da yana ƙamshi, a turara ɗakin a bar shi ya sha iska kafin a shigar da mai asma.

Ginin da muke yi yanzu ya ƙara dagula al'amarin. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan yi sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare. Tagoginsa ƙanana ne, ba a musu, amma a tsakar gida ake girki, a nan ake kwana da bazara. Yau mun koma bulo da rufin kwano, sau da yawa babu silin, sa'an nan masu gidan haya sun cinye tsakar gidan da ƙarin ɗakuna. Ɗaki ya zama tanda da rana, mutum takwas su cushe cikinsa da dare. Irin wannan cunkoso ne tarin fuka da sanƙarau ke so, wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da mutum fiye da 11,000 suka rasu a ƙasar nan, ba ya bukatar a yi masa bayani. A Ikko da Fatakwal kuma ga laima, bango ya yi ta fumfuna a bayan kabad, yara su yi ta atishawa ba a san dalili ba.

Taga ɗaya ba ta isar ɗaki, domin iska ba ta shiga sosai sai ta samu mafita. Mai gini ya sa biyu suna fuskantar juna, ya bar 'yar kafa can sama kusa da rufi, tun da iska mai zafi sama take yi. Wanda ke haya kuwa ya cire kwalin nan ya buga ragar waya, ita tana tare sauro ta bar iska ta wuce.

Da na koma Agege bayan sallah na tarar mutanen gidan sun yi karo-karo, an ƙera wa janaretan keji na ƙarfe a bayan gida, da sarƙa da kwaɗo. Tagar ɗan'uwana dai har yanzu da kwalinta, ya ce sai ƙarshen wata.