Gani Ya Kori Ji: Tozon Da Ya Cinye A Cikin Injin Fijo

Motar mahaifina Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ta shekara goma a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da na ɗaura niyyar tayar da ita, ta tashi kam, amma ba ƙarfi, ga wani ƙas-ƙas daga saman injin, jefi-jefi kuma ta yi atishawa ta kafireto. Sau biyu ana saita bawul, kwana kaɗan ƙarar ta dawo.

Wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Fijo ya kasa kunne, sannan ya ce, "Ɗana, kunne ya yi nasa. A sauke injin, mu ga kamshaf."

Kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai tozaye kamar na sa. A 504 yana kwance a cikin gangar injin, sarƙa ke juya shi, kuma sai kiranshaf ya zagaya sau biyu shi ya zagaya sau ɗaya. Tozo takwas gare shi, biyu ga kowace silinda: ɗaya na buɗe wa mai da iska hanya, ɗaya na sallamar hayaƙi. Kowane tozo na tura wani ɗan ƙarfe mai kamar kofi, tafet, shi kuma ya tura sandar da ke buɗe bawul. Idan tozo ya cinye, bawul ba ya buɗewa sosai, injin sai ya riƙa numfashi kamar mai mura.

Tun daga baƙin mai dattijon ya fara. Ya murza shi a yatsa cikin rana, sai ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Da aka zare tafet ɗin, ya jera su cikin kwalin ƙwai, kowanne da lambarsa, don kada a musanya musu gurbi. Ya wanke kamshaf da kananzir, ya bi tozayen da farce. Bakwai sumul, na takwas kuwa ya yi ƙuraje, kansa ya daƙushe. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko maikiromita ya auna tsawon kowane tozo da faɗinsa. Bambancin da ke tsakani shi ne gwargwadon yadda yake ɗaga tafet, kuma na takwas ya gaza 'yan'uwansa nesa ba kusa ba. Ya aza rula a fuskar tafet ɗinsa, haske ya ratsa ta tsakiya: ya lotsa kamar faranti.

Na tambaya ko a sake kamshaf kaɗai, a bar tsofaffin tafet, saboda aljihu. Ya girgiza kai. "Tare suke cin juna. Ka haɗa sabo da tsoho, ka sake biyan kuɗin sauke injin."

Aka sayo sabon kamshaf da sababbin tafet. Ranar haɗawa ya shafe tozayen da mai mai kauri, ya zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, wanda irin waɗannan tsofaffin injuna ke buƙata. Da ta tashi bai bar ta ta yi silo ba; minti ashirin ya riƙe ta a wajen juyi 2,000 a minti, don mai ya fantsamu ga tozayen su saba da tafet.

Da ya saki totur, na kasa kunne ina neman ƙas-ƙas ɗin nan. Babu shi. Tsohon kamshaf ɗin yana nan a shagona, ina danne takardu da shi.