Faɗaɗar Ma'ana da Matsalar Fassara: Nazarin Kalmar Kon

3.4.1 Shimfiɗa

Daga cikin abubuwan da suke ci wa masu fassara littattafan kimiyya zuwa Hausa tuwo a ƙwarya akwai kalmar da take guda ɗaya a baki amma ma'anoninta suka bazu cikin fannoni da dama. Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa, domin Bahaushe yana cewa bakin mutum, da bakin kogi, da bakin wuƙa, da bakin kasuwa, ba tare da ya ruɗe ba. Inda gizo yake saƙa shi ne kowane harshe yana da hanyar da yake bi wajen faɗaɗa ma'anar kalmominsa, kuma ba lallai ne hanyar wannan ta dace da ta wancan ba. Don fito da wannan batu fili, wannan sashe ya ɗauki kalmar Ingilishi cone, wadda za a riƙa rubutawa kon bisa yadda ake furta ta.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, watau konos. Daga can ta shiga Latin, ta bi ta Faransanci, ta shigo Ingilishi a ƙarni na 16. Tun a bakin Girkawa kalmar ba ta tsaya ga abu ɗaya ba. Suna kiran abin da itacen fain yake fitarwa mai ɗauke da irinsa da wannan suna, haka nan abin wasan yara da ake murzawa ya yi ta juyi a kan tsininsa, irin wanda yaran Hausawa suke yi da katantanwa, sa'an nan kuma siffar da masana lissafi suke nazari. Abin da ya haɗa ukun shi ne kama: gindi kewayayye mai faɗi, da jiki mai tsukewa har ya ƙare da tsini. A kan wannan kama ce duk sauran ma'anonin suka ginu.

3.4.2 Kon a Fannin Lissafi

Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya bayyana kon da cewa siffa ce da ake samu idan aka ɗauki alwatika mai kusurwa ta digiri 90, aka kafe ɗaya daga cikin ɓangarori biyu da suka haɗu a wannan kusurwa, aka juya alwatikar har ta dawo inda ta tashi. A cikin littafinsa ne kuma aka kawo hujjar cewa abin da kon zai ɗauka kashi ɗaya ne cikin uku na abin da silinda mai gindi da tsayi irin nasa za ta ɗauka. Arkimidis ya ce Dimokritus ne ya fara faɗin haka, Yudoksus kuma ya fara kafa masa hujja. Alal misali, gwangwanin da faɗinsa daga tsakiya zuwa gefe santimita 7 ne, tsayinsa kuma 12, zai ɗauki kimanin santimita 1,848 na ma'aunin ciki, amma kon mai wannan awo 616 kawai zai ɗauka. Sai an cika shi sau uku ana juyewa kafin gwangwanin ya cika.

Wanda ya fi kowa zurfafa bincike a kan wannan siffa shi ne Afoloniyus na garin Farga, wanda ya zo bayan Yuklid. Shi nasa kon ɗin tagwaye ne, watau guda biyu da suka haɗa tsini, kowanne ya miƙe ba iyaka. Ya nuna cewa idan aka yanka wannan siffa, abin da zai bayyana a fuskar yankan ya danganta da yadda aka karkata wuƙar. Yankan da ya yi daidai da gindi yana ba da da'ira. In an ɗan karkata sai a sami da'ira mai tsawo, wadda ake kira elifs. In karkatar ta yi daidai da gangaren gefen kon ɗin sai a sami farabola, in kuma ta wuce haka har yankan ya taɓa tagwayen duka biyu sai a sami haifabola. Ana iya ganin wannan da tocila a cikin ɗaki mai duhu, domin haskenta kon ne, bango kuma shi ne yankan. Da an karkata hannu sai da'irar hasken ta miƙe.

Littafin Afoloniyus juzu'i takwas ne. Huɗu na farko ne kaɗai suka tsira da Girkanci. Na biyar zuwa na bakwai ba don fassarar Larabci da Sabit bin Ƙurra ya yi a Bagadaza a ƙarni na 9 ba, da sun salwanta kamar yadda na takwas ya salwanta. Abin lura ga mai nazarin fassara shi ne masu wannan aiki ba su ari kalmar Girkanci ba. Sun yi amfani da makhruɗ, daga tushen da yake nufin sassaƙe abu ta hanyar juya shi, watau sun dubi yadda ake samar da siffar, suka raɗa mata suna daga cikin harshensu. Amfanin wannan nazari bai fito sosai ba sai bayan ƙarnuka, lokacin da Kefla ya bayyana a 1609 cewa tauraron Mirrihu yana kewaya rana ne a kan elifs, Galileyo kuma ya nuna a 1638 cewa abin da aka jefa yana bin farabola kafin ya faɗo.

Kalmar Hausa da ta fi saurin zuwa a zuciya a nan ita ce mazurari. Sai dai mazurari suna ne na kayan aiki, an gina shi daga aikatau zurara kamar yadda aka gina mabuɗi daga buɗe, magirbi daga girbe. Abin da ya mai da shi mazurari shi ne hudar da mai ko kananzir yake bi. Kon na lissafi kuwa ba shi da huda, tsini gare shi, kuma duk bayanin da ya gabata a kan wannan tsini ya dogara. Ɗalibin da aka gaya wa ya auna abin da mazurari zai ɗauka yana da hujja in ya ce mazurari ba ya riƙe kome.

3.4.3 Kon a Kimiyyar Halittu

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani da haske yake sauka a kansa, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. Iri na farko an kira su sanduna saboda sirantarsu, yawansu ya haura miliyan 90 a kowane ido, su ne suke aiki in haske ya yi ƙaranci. Iri na biyu su ne kon, kimanin miliyan 6, da su ake ganin launi da kuma ƙananan abubuwa kamar rubutu. Bajamushe Maks Shultse ne ya raba aikin waɗannan biyu a 1866. Kon ɗin ido kala uku ne, wani ya fi jin haske mai gajeren zango, wajen shuɗi, wani matsakaici, wajen kore, wani kuma mai dogon zango, wanda ya kai ga ja. Ƙwaƙwalwa ce take gwada saƙon ukun ta fitar da launi. In mutum ya rasa kala ɗaya, ko ta zo da tangarɗa, sai ya kasa bambanta wasu launuka, galibi ja da kore, kuma abin ya fi yawa ga maza. Dundumi kuwa, wanda Hausawa suka daɗe da sani, matsala ce ta sandunan, shi ya sa mai shi yake gani lafiya da rana, da magariba ta yi sai lalube.

A wannan wuri fassara da mazurari ɓarna ce tsagwaronta. Duk Bahaushen da ya ji "mazurarin ido" hanyar hawaye zai kawo a ransa. Bugu da ƙari, ita kanta kamar da aka dogara da ita wajen raɗa sunan ba ta da ƙarfi, domin kon ɗin da suke tsakiyar tantanin, inda gani ya fi kaifi, sirara ne dogaye, sun fi kama da sanduna. Saboda haka babu asarar da za a yi in an bar siffa aka kama aiki, aka ce ƙwayoyin ganin launi da ƙwayoyin ganin dare.

A fannin tsirrai matsalar daban ce, domin abin da ake magana a kai ba ya cikin itatuwan ƙasar Hausa na asali. Fain da danginsa itatuwa ne da ba sa yin fure ko 'ya'ya irin na mangwaro ko ɗinya. Irinsu yana zaune ne a fili tsakanin ɓawo-ɓawon wani dunƙule mai tauri, wanda shi ne kon. Akwai namiji mai fitar da garin barbara, akwai mace mai riƙe iri. Wanda bai taɓa gani ba ya ƙaddara 'yar ƙaramar abarba busasshiya. Hasali ma sunan da Ingilishi yake kiran abarba da shi, a da sunan kon ɗin fain ne, kamar ce ta sa aka mayar wa abarba. In aka fassara shi da 'ya'yan itace an rushe ainihin bambancin da darasin yake son koyarwa. Zangarniya ta fi kusa, tun da ita ma kai ce mai ɗauke da ƙwaya a jere, kuma kowane ɗan manomi ya san ta.

Akwai kuma wata katantanwar teku da ake samu a tekuna masu ɗumi, wadda aka sa wa wannan suna saboda siffar ƙoƙonta. Tana harbin kifi da tsutsotsi da dafi, wasu nau'o'inta suna kashe mutum, kuma daga nazarin dafinta aka samar da wani maganin matsanancin ciwo da aka amince da shi a Amurka a 2004. Ita wannan ba ta da wahalar fassara, katantanwa mai dafi ta wadatar.

3.4.4 Kon a Ilmin Ƙasa da Harkokin Yau da Kullum

Idan dutse mai aman wuta ya watso toka da tsakuwa sama, suna faɗowa ne kewaye da bakin ramin su taru, kamar yadda hatsi yake taruwa a masussuka in ana sheƙa. Tudun da ya samu shi ma kon ake ce masa. Misalin da ya fi shahara shi ne Farikutin a ƙasar Meziko, wanda ya ɓullo a gonar masarar wani manomi a 1943, kafin ya lafa a 1952 ya kai tsayin mita 424. A Nijeriya akwai irin waɗannan tuddai da suka daɗe da mutuwa a tsaunukan Biu da kuma wajen Panyam a Jihar Filato. Kalmar tsibi ta dace da wannan ma'ana ƙwarai, domin ta ƙunshi siffar da kuma yadda aka yi ta samu. Masana ƙasa kuma sukan kira kudancin Amurka ta Kudu, watau Ajantina da Cile da Yurugwai, da sunan Kon na Kudu, don yankin yana tsukewa a taswira. A nan ko kewayayyen gindin ma babu, tsukewar kaɗai ta rage.

A rayuwar yau da kullum kalmar ta fi fitowa a wurare biyu. Na farko shi ne biskit ɗin da ake naɗewa a zuba askirim, wanda ya yaɗu bayan babban bajekolin birnin Sen Luwis na Amurka a 1904. Na biyu shi ne robar nan mai ruwan lemo da ake jerawa a titi in ana gyara ko an yi haɗari, wadda wani mai fentin titi a Los Anjalis, Cals Skanlon, ya yi wa rajistar mallaka a 1943. Tun da waɗannan kaya ne da suka shigo da sunansu, kamar yadda kofi da bokiti suka shigo, aron kalmar a nan bai zama laifi ba.

3.4.5 Sauran Kalmomin Hausa Masu Kusanci

Hausa ba ta rasa abubuwa masu wannan siffa ba, abin da ba ta yi ba shi ne ware siffar ta ba ta suna ita kaɗai. Kantu misali ne mai kyau. Gishirin Bilma da Fachi da ayarin raƙuma suke kawowa ƙasar Hausa ana zuba shi ne a mazubi ya daskare ya fito dogo mai tsukakken kai, kusan kon sosai. Da kalmar ta faɗaɗa ta hanyar kama, da yanzu an huta. Amma da ta tashi faɗaɗa sai ta bi dunƙulewa da tauri, aka sami kantun sukari da kantun riɗi, wanda yawanci yankakke ne mai kusurwa huɗu. Ita kuwa dala, irin dalar gyaɗa da aka sani a Kano kafin ta ɓace a shekarun 1970, gindinta mai kusurwoyi ne, don haka ta fi dacewa da wata siffar lissafi daban. Duk da cewa ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku ta haɗa su, amfani da suna ɗaya ga siffofin biyu zai ruɗa ɗalibi ranar jarrabawa.

Wadda ta fi su kusa ita ce jinkar ɗakin da aka gina kewayayye. Gindinta da'ira ne, gefenta gangare ne miƙaƙƙe, ƙarshenta tsini guda, kuma ba a san ta da huda ba. Malamin firamare zai iya cewa siffar jinka yara su gane nan take, musamman a karkara. Iyakarta ita ce ba ta kai ga kon ɗin Afoloniyus, tagwaye marasa iyaka, don haka a matakin sakandare zuwa sama ya fi dacewa a ari kon a matsayin keɓaɓɓiyar kalmar lissafi, a bayyana ta da jinka a karon farko da ta fito a littafi, sa'an nan a ci gaba da amfani da ita a wannan fanni kaɗai.