Igiyar da Ke Yi wa Ilaktiron Jagora

A shekarar 1989, Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan sun yi ta harba ilaktiron ɗai-ɗai cikin wata na'ura mai hanya biyu. Kowanne yakan sauka a kan allo ya bar ɗigo guda. Da ɗigon suka taru dubbai, sai ga layuka a jere, wani da haske wani da duhu, irin zanen da ba ya fitowa sai igiyoyi biyu, irin na ruwa, sun yi karo. To, ta wace hanya kowane ilaktiron ya bi?

Amsar kimiyyar kwantum da aka fi koyarwa a jami'o'i, wadda ake dangantawa da Niels Bohr da Werner Heisenberg, ita ce tambayar ba ta da gurbi: kafin a yi awo, babu maganar takamaimiyar hanya.

Louis de Broglie, Bafaranshe, bai gamsu ba. A taron Solvay na 1927 a birnin Burasels, ya ce ƙwayar ilaktiron na nan, igiya ma na nan. Igiyar ce ke ratsa hanyoyin biyu, ita kuwa ƙwayar hanya ɗaya take bi, igiyar na tura ta kamar yadda ruwa ke jan kwale-kwale. Wolfgang Pauli ya soki bayanin, de Broglie ya jingine shi. A 1932 John von Neumann ya kawo hujjar lissafi da aka ɗauka ta rufe wannan ƙofa. Grete Hermann, Bajamushiya, ta gano ɓarakar hujjar tun 1935, amma abin takaici, kusan babu wanda ya saurare ta.

Sai a 1952 David Bohm ya farfaɗo da ra'ayin, ya cike giɓinsa. A lokacin ya riga ya koma Sao Paulo ta Barazil, bayan farautar 'yan gurguzu a Amurka ta raba shi da aikinsa a jami'ar Princeton.

Babbar falalar wannan bayani ita ce ba ya buƙatar mai kallo. Awo ba shi da wani matsayi na musamman. Na'urar awon ma ƙwayoyi ce, doka ɗaya ke tafiyar da ita da abin da take aunawa. Rashin tabbas ɗin da kimiyyar kwantum ta yi suna a kansa yana zuwa ne daga rashin sanin ainihin inda ƙwayar ta taso. Kuma ga abubuwan da gudunsu bai kusanci na haske ba, sakamakon lissafinsa daidai yake da na tsarin da aka saba. Ra'ayi irin wannan ya cancanci babi a littafin ɗalibai.

Amma yana da tsadarsa. Idan ƙwayoyi biyu suka sarƙu, abin da aka yi wa ɗaya yakan shafi motsin ɗayar nan take, komai nisa. Wannan ne ya sa John Bell, ɗan Belfast mai aiki a cibiyar bincike ta CERN, ya tambayi ko laifin tsarin Bohm ne kaɗai. A 1964 ya nuna cewa duk bayanin da zai ba ƙwayoyi tabbataccen hali, ya kuma dace da hasashen kwantum, dole ya ɗauki wannan nauyi. Gwaje-gwajen John Clauser, Alain Aspect da Anton Zeilinger sun gaskata hasashen kwantum ɗin, suka kai su ga kyautar Nobel ta 2022.

Aikin da ya rage wa magoya bayan Bohm shi ne sulhunta wannan tasiri na nan take da ka'idar Einstein ta 1905, wadda ba ta yarda da “yanzu” guda ɗaya ga dukan sararin samaniya ba.