Yadda ake haɗa sabon allon lantarki don farfaɗo da tsofaffin na'urorin wasan pinball

Duk wanda ya taɓa amfani da kwamfuta mai Windows XP zai iya tuna wasan nan na 3D Pinball Space Cadet, inda ake harba ƙwallo sama a riƙa tare ta da 'yan sanduna biyu kada ta faɗa rami. Wancan kwaikwayo ne kawai. Asalin pinball na'ura ce mai girman teburi, mai ƙafafu huɗu, an rufe samanta da gilashi, ƙwallonta kuma ƙarfe ce ta gaske. Birnin Chicago na Amurka ne cibiyar ƙera ta, a can ne kamfanonin Bally da Williams da Gottlieb da Stern suka yi tashe. Gottlieb ne ya fara saka sandunan bugun ƙwallon a 1947, a na'urarsa mai suna Humpty Dumpty. Hukumomi da yawa sun daɗe suna yi wa wasan kallon caca, har birnin New York ya haramta shi daga 1942 zuwa 1976.

Har tsakiyar shekarun 1970 babu kwamfuta a cikin waɗannan na'urori. Mota ce ƙarama da tarin makunnai masu aiki da maganaɗisu suke ƙirga maki. Daga wajen 1977 manyan kamfanonin suka koma amfani da allon lantarki, wato abin da masu gyaran waya ke kira bod, mai ɗauke da furosesa. Waɗannan alluna yanzu sun haura shekara arba'in, kuma kamfanonin da suka yi su sun daina. Gottlieb ya rufe a 1996. Williams, wanda ya sayi sashen pinball na Bally a 1988, ya daina ƙera pinball a 1999. Katako da gilashi da ƙarafan na'urar suna nan da ƙarfinsu, allon ne yake mutuwa. Wannan ne ya haifar da wata ƙaramar sana'a a Amurka da Turai: zana sabon allo da zai zauna daidai a gurbin tsohon, a sayar da shi a haɗe, ko a sayar da shi a warwatse mai saye ya haɗa da hannunsa.

Abin da ke kashe allon

Babban mai laifi shi ne batir. A ɗauki allon Bally mai lamba AS-2518-35 a matsayin misali, shi da yayansa AS-2518-17. Furosesar da ke kansu Motorola 6800 ce, gudunta bai kai megahaz 1 ba. Akwai wata 'yar ma'adana mai lamba 5101 wadda take riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci, da lissafin kuɗin da aka zuba, da saitin wasa. Girmanta bayit 128 ne, ko cikakken saƙon tes guda ɗaya ba za ta iya ɗauka ba. Matsalarta ita ce da zarar wuta ta yanke sai ta manta komai. Don haka kamfanin ya liƙa batir mai caji na nikel da kadmiyom, mai bolt 3.6, kai tsaye a jikin allon.

Ba wanda ya yi tunanin na'urar za ta kai shekara arba'in. An ƙera ta ne ta tara kuɗi a shago na 'yan shekaru, a jefar a sayi sabuwa. Idan batirin ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwan da ke fitowa kuma yana da kaifi irin na soda. Duk wanda ya taɓa buɗe rimot ya ga farin gari ya cinye sifirin ɗin batir ya san danginsa. Ruwan yana bin siraran layukan jan ƙarfe da ke jikin allon, ya shige ƙarƙashin koren fentin, ya hau ƙafafun IC, ya mayar da dalma toka-toka yadda ko an ɗora mata zafi ba ta narkewa da kyau. Masu gyara sukan wanke wurin da ruwan khal don kashe kaifin, su kankare, su sauya kayan da abin ya shafa. Wani lokaci gyaran yana riƙewa. Sau da yawa kuma ɓarnar tana ci gaba a inda ido ba ya gani, bayan wata shida na'urar ta sake ɗaukewa.

Na biyu shi ne kayan da aka daina yi. Nan Gottlieb ya fi kowa shiga matsala. Tsarinsa na farko, System 1, wanda ya fara da na'urar Cleopatra a 1977 kuma aka yi wasanni 16 da shi zuwa 1980, ya dogara ne da wasu IC na kamfanin Rockwell. Masu sana'ar suna kiransu gizo-gizo saboda yadda ƙafafunsu suka baje. An ƙera su ne musamman, wani ɓangare na manhajar na'urar yana cikinsu tun daga masana'anta. Idan ɗaya ya ƙone babu shagon da za a samu sabo, sai dai a ciro daga wani mataccen allon. Shi kuma Williams, a tsarinsa na System 3 zuwa System 7, ya raba aikin gida biyu ya haɗa allunan da mahaɗi mai ƙafa 40, wanda zafi da girgiza suke sassautawa har na'urar ta riƙa kashe kanta a tsakiyar wasa.

Hanyoyin da ake bi

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a kwafi tsohon allon kamar yadda yake. Abin da ya taimaka shi ne kamfanonin wancan zamani suna saka cikakken zanen lantarkin a littafin da ke zuwa da kowace na'ura, domin mai shago ya iya gyara kayansa. (Mai wayar zamani da ya taɓa neman irin wannan zane daga kamfanin wayarsa ya san bambancin.) Mai zane zai cire duk kayan da ke kan tsohon allo, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya bi kowane layi da mita yana gwadawa da abin da littafin ya nuna. Daga nan ya sake zana shi a manhaja irin KiCad, wadda kyauta ce. Fayilolin da ta fitar, waɗanda ake kira Gerber, su ake tura wa masana'antun China irin JLCPCB ko PCBWay, su buga allon su aiko.

Ƙa'idar da ba a taɓa ta ita ce ramukan kusoshi da wuraren mahaɗai su zauna daidai inda suke a tsohon, domin wayoyin wutar da ke cikin na'urar an yanke su ne daidai wannan tsawon. Sauran kuma mai zane yana da damar gyara kurakuran kamfani: ya ƙara kaurin layin da aka san yana ƙonewa, ya saka wuraren ɗora mita, sannan ya kori batir gaba ɗaya. A gurbin 5101 ana saka ma'adana irin FRAM, wadda take riƙe bayanai ba tare da wuta ba.

Hanya ta biyu ita ce a sake tsarin da kayan zamani. Allon Ultimate MPU na kamfanin Alltek sanannen misali ne: allo ɗaya ne da ke aiki a na'urorin Bally da Stern masu yawa, mutum ya zaɓi wasan da yake so ta hanyar daidaita wasu ƙananan makunnai. Ga Gottlieb System 1 akwai Ni-Wumpf daga Amurka da PI-1 daga Faransa. Tunda ba a iya samun IC ɗin gizo-gizo, kuma masu haƙƙin sunan Gottlieb suna tsaurara wajen kare manhajarsu, masu waɗannan alluna sai da suka sake rubuta manhajar da kansu don wata furosesa daban. Wannan aiki ya fi zanen allon wahala, domin dole sabon ya yi abin da tsohon yake yi, har da yadda fitilu ke walƙiya da lokacin da ake ba da ƙarin ƙwallo. Waɗanda suka shekara talatin suna buga wasa ɗaya suna gane ƙaramin bambanci nan take.

Ta uku kuma ita ce kwaikwayo. Wani aiki da aka fara a Jamus mai suna LISY yana ɗora 'yar kwamfutar Raspberry Pi a kan allon, ta riƙa gudanar da PinMAME, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar furosesa. Wasu kuma suna amfani da FPGA, wato IC da ake iya tsara cikinsa ya zama kamar wani IC ɗin. Raspberry Pi tana ba da damar ƙara sauti da sauya dokokin wasa, amma sai an jira Linux ya tashi, kuma katin memori ba ya son a riƙa yanke masa wuta ba shiri, alhali haka ake kashe na'urar pinball. FPGA yana tashi nan take. Ga na'urar da za a ajiye a wurin jama'a, allon da ba shi da katin memori ya fi kwanciyar hankali.

Haɗa shi da hannu

Kunshin haɗawa yakan zo da allon tsirara, da jakunkunan rezisto da kafasito da diyod da taransisto, da mahaɗai, da takardar da ke nuna wurin kowane abu. Yawanci kayan masu ƙafa ne da ake zurawa ta rami a liƙe ta baya da dalma, shi ya sa wanda bai ƙware ba ma zai iya. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ya saba ɗaga IC mai girman ƙwayar wake da iska mai zafi, zai ga wannan aiki kamar hutu ne. Ana farawa da gajerun kaya a ƙare da dogaye, saboda allon ya kwanta daidai idan an kifa shi. Diyod da wasu kafasito suna da gaba da baya, idan aka juya su aiki ya ɓaci. Ba a liƙa IC kai tsaye, soket ake liƙawa sannan a dasa shi a ciki, yadda gobe idan ya mutu za a zare da hannu. Kafin a dasa ko ɗaya kuma sai an ba allon wuta an tabbatar bolt 5 na isa inda ya kamata.

Akwai tarko wajen sayen tsofaffin IC. Allon Bally yana buƙatar guda biyu masu lamba 6821, su ne ke tsakanin furosesa da makunnai da fitilu. Tunda Motorola ya daina yin su, kasuwannin intanet sun cika da waɗanda aka ciro daga tsofaffin kaya, aka goge samansu aka buga sabuwar lamba. Wasu suna aiki, wasu ba su ne ba ma sam. Kamfanin Western Design Center yana ƙera W65C21 da ake iya sakawa a madadinsa, kuma masu haɗa kunshi na kirki suna gwada kowane IC kafin su saka shi a jaka.

Injiniyoyin Bally sun bar wata dabara da har yau ake cin moriyarta. Akwai ƙaramar fitila a jikin allon da ke ƙiftawa sau bakwai idan an kunna, kowace ƙiftawa na nufin wani sashe ya ci gwaji: ROM, sai ma'adanan RAM, sai IC ɗin 6821, da sauransu. Idan ta tsaya a ta biyu, an san inda za a duba. Ƙiftawa ta bakwai tana jiran wata alama ce daga wutar bolt 43 da ke tafiyar da koyil-koyil ɗin na'urar, don haka idan ta yi shida ta tsaya, sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau, fiyus ne ya ƙone a wani wurin. Sababbin allunan Bally da yawa sun riƙe wannan tsari.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a ɗauki sabon allo a jona a na'urar da ba a bincika ba. Kowane abu da ke bugun ƙwallo yana aiki ne da koyil, wato waya da aka naɗe wadda ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta. Yawanci taransisto ne ke ba shi wuta na ɗan ƙiftawar ido. Lokacin da wutar ta yanke, koyil ɗin yana mayar da wani ƙarfin wuta baya, diyod da ke jikinsa ne ke shanye shi. Idan diyod ɗin ya mutu, taransisto zai ƙone ya maƙale a kunne, koyil ya ci gaba da jan wuta har ya narke, wani lokaci ɓarnar ta bi layi ta koma cikin allon. Abin da ya kashe tsohon zai kashe sabon cikin daƙiƙa kaɗan. Saboda haka ake auna kowane koyil da mita, a tabbatar fiyus ɗin da ke ciki masu ƙarfin da littafi ya faɗa ne, a sauya ƙarafan mahaɗan da ruwan batir ya taɓa. Mahaɗi mai tsatsa zai sa sabon allo ya yi kamar shi ne ya lalace.

Ana kuma kula da rai. Allunan nuna maki na Bally masu amfani da iskar gas suna aiki da wajen bolt 190, kuma manyan kafasito suna riƙe wuta bayan an zare filogi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake sayar da kunshin allon maki na LED, wanda bolt 5 ya ishe shi, sai a cire fiyus ɗin babbar wutar gaba ɗaya. Sauya ƙananan ƙwayayen fitila zuwa LED ma yana da nasa rikicin a na'urorin Bally: abin da ke kunna su, mai suna SCR, yana buƙatar a ja wuta daidai wani gwargwado kafin ya tsaya a kunne, LED kuma ba ta jan haka, sai fitilun su riƙa rawa. Masu zana sabon allon fitilu suna magance wannan tun a zane, masu tsohon allo kuma suna ƙara rezisto ga kowace fitila don ta ja wutar da ake buƙata.