Taya da albarka: mi ke jan cinikin ɗan wasan ƙwallon ƙafa?

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari ta Kirkisoy, a hayin kogi nesa kaɗan da jami'ar Abdu Mumuni, cikin watan yuli ko ogusta, ya san hirar da ke cinye dare bayan an aza shayi: wace ƙungiya ta taya wane ɗan wasa, nawa ta taya, kuma domin mi aka ce mata albarka. Ana iya share wata biyu ana bin ciniki guda. Bayanin da aka fi ji a wurin shi ne kwaɗayi: mai ƙungiya na son kuɗi, shi ya sa ya ƙi sallamawa. A cikin wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa bayanin nan bai isa ba. Abin da ke ba ƙungiya damar jan ciniki shi ne yawan lokacin da ya rage a kwantaragin ɗan wasanta, kuma ƙungiyoyinmu na Yamai, da wuya su sami wannan dama. Za mu dogara ga cinikin Musa Ma'azu na Nijar da na Ahmed Musa na Najeriya, waɗanda, abin mamaki, dukansu sun bi ta ƙungiya ɗaya ta birnin Mosko.

2. Mi ake saidawa?

Kalmomin da masu hira ke aiki da su na kasuwa ne: taya, albarka, sallama, dillali, la'ada. Sun dace ta wani fanni. Mai rago a kasuwar Turaku ya san kuɗin ragonsa na hawa har jajibirin layya, ya kuma san kashegarin salla ba mai tayawa kamar jiya. Haka ƙungiya ke kallon ranar rufe rajista, tun da dokar FIFA ta kayyade lokaci biyu kawai a shekara da ake iya rubuta sabon ɗan wasa. Amma kwatancin ya tsaya nan. Rago ba ya cewa ba ya son mai saye, kuma ba ya zama na kansa in an daɗe ba a saida shi ba. Ɗan wasa kuwa yana yin duka biyun.

A shari'ance ma ba mutum ake saidawa ba, ko da yake bakinmu ya saba da faɗin haka (kuma kalmar na da nauyi a tarihin ƙasar nan, ya kamata mai fassara ya lura). Kuɗin da ake biya diyya ce ta warware kwantaragi kafin wa'adinsa ya cika. Tushen wannan shi ne hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke ran 15 ga watan disamba 1995 a kan ƙarar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Liyej ta Beljik, wanda aka hana shi komawa Dunkerk a 1990 alhali kwantaraginsa ya ƙare. Daga hukuncin nan, wanda kwantaraginsa ya cika yana tafiya kyauta. Dokokin da FIFA ta fitar a 2001 suka ɗora a kai: kwantaragi ba ya wuce shekara 5, kuma in saura wata 6 ya ƙare, ɗan wasa na da izinin sa hannu da wata ƙungiya. Ke nan kadarar ƙungiya kadara ce mai narkewa. Mai shekara 4 a hannu na iya cewa albarka ya koma barci. Mai shekara guda, kowane wata da ya wuce ragi ne a kansa.

3. Ciniki biyu ta hanyar Mosko

An haifi Musa Ma'azu a Yamai a 1988, ya yi suna a AS FAN, ƙungiyar sojojin ƙasa, sannan ya tafi Lokeren ta Beljik a farkon 2008. Cikin shekara guda ya jefa ƙwallo sama da goma a gasar ƙasar, manyan ƙungiyoyi suka fara zawarcinsa. CSKA ta Mosko ta saye shi a farkon 2009 a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai miliyan 4,8 na euro. In aka lissafa da canjin da bai motsawa, wato sefa 655,957 kan euro guda, ya haura miliyar 3 na sefa. Abin lura a nan shi ne an shirya a kan kuɗi, amma magana ba ta ƙare ba. Gasar Beljik na farawa da damina ta ƙare a bazara, ta Rasha kuwa a zamanin tana farawa a watan maris. Lokeren na son ta riƙe mai ci mata ƙwallo har ƙarshen kaka, aka bar mata shi aro. CSKA, wadda Zico ɗan Brazil ke horaswa, na son shi tun wasan farko. Sai a watan maris 2009 aka daidaita ya isa Mosko. Abin da aka yi ta ja a kai ranar tafiya ce, kuma ranar ma kuɗi ce, domin matsayin da ƙungiya ta ƙare da shi a gasa yana da ladansa.

Cinikin Ahmed Musa ya fi nuna abin da muke nufi. Ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009-2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holand. Can ma an yi jira, amma na doka: FIFA ta hana fitar da yaro waje kafin ya cika shekara 18, don haka sai a watan oktoba 2010 aka ba shi izinin wasa. CSKA ta ɗauke shi a janairu 2012. A watan yuni 2015 ta sabunta masa kwantaragi na shekara 4. Wata bakwai bayan haka, a janairu 2016, Leicester ta Ingila, wadda ke kan gaba a gasar ƙasarta ba tare da kowa ya yi zato ba, ta taya shi. CSKA ta ce albarka. Ba ta da dalilin gaggawa: tana neman kofin gasar lig ta Rasha, takarda na hannunta har 2019, kuma ta san kuɗin talabijin na Ingila zai ƙaru a kaka mai zuwa. Ta ci kofinta a watan mayu, Leicester ma ta ci nata, kuma a yuli 2016 aka sallama a kan fam miliyan 16,6, kuɗin da Leicester ba ta taɓa biya ma wani ɗan wasa ba kafin lokacin. Jiran wata shida bai rage mata kome ba. A ganinmu ainihin cinikin an ci shi tun ranar da aka sa hannu a sabon kwantaragi na 2015, kafin mai saye ya bayyana.

Jira na iya juyewa a kan mai shi. Napoli ta Italiya ta sa ma Victor Osimhen farashin fansa (clause libératoire) sama da euro miliyan 100 a ƙarshen 2023. Har aka rufe rajista a ƙarshen ogusta 2024 ba wanda ya biya, zumunci ya ɓaci tsakaninta da ɗan wasan, sai ta ba Galatasaray ta Turkiyya shi aro. Da aka zo saidawa a yuli 2025 kuɗin ya sauko miliyan 75, kuma makonnin da aka ɓata a kai sun tafi ne a kan yadda za a biya kashi-kashi da lamunin banki. Wannan fanni ne da masu hirar fada ba su cika kula da shi ba: adadin da jarida ke bugawa ba a ƙirga shi a tabarma rana ɗaya. Akwai kafin alƙalami, akwai saura bisa wa'adi, akwai ƙari in ɗan wasa ya buga wasa kaza, akwai kason da mai saidawa ke riƙewa in an sake saida shi gaba. Kowane ɗaya abin ja ne, ga kuma albashin ɗan wasan da la'adar dillalinsa, waɗanda ake tattaunawa daban.

4. Rabon Yamai

Yanzu mu koma gida. Manyan ƙungiyoyin gasar Nijar da yawa na hukumomi ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta gardi, AS Douanes ta duwan, ga kuma na unguwa irin su Sahel da Olympic da Zumunta. Ba kuɗin talabijin na kirki, kuɗin ƙofa a filin Seyni Kunce bai riƙe ƙungiya. Ɗan wasa da dama lasin kawai gare shi na kaka guda, ba kwantaragin ƙwararru mai tsawon shekaru ba. To, da mi shugaban ƙungiya zai ce albarka? In ya ja, yaron da iyayensa su ne na farko da za su ce yana tare masa arziki, kuma ba su yi ƙarya ba, tun da albashin ƙaramar ƙungiya ta Turai ya ninka abin da yake samu a nan sau da yawa. In ya ƙara ja, kaka ta ƙare, yaro ya tafi kyauta. Shi ya sa cinikin farko, wanda ke fitar da ɗan wasa daga Afirka, shi ne mafi gajarta kuma mafi araha, babban kuɗi kuwa a mataki na biyu yake, tsakanin Lokeren da Mosko.

Dokokin 2001 sun tanadi hanya biyu ta maido wani abu baya. Ta farko diyyar tarbiyya (indemnité de formation), wadda ake biya lokacin da yaro ya sa hannu a kwantaraginsa na farko na ƙwararre, da duk lokacin da ya canza ƙasa kafin ya wuce shekara 23. Ana lissafa ta bisa ajin ƙungiyar da ta ɗauke shi. A Turai daga euro 10 000 zuwa 90 000 kan kowace shekarar tarbiyya. Ta biyu kason zumunci (contribution de solidarité): kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki, ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko, kowace tana da 0,25 cikin 100. Sauran takwas, kowace 0,5. Mu gwada da adadin cinikin Ma'azu: kashi 5 na miliyan 4,8 ya kama euro 240 000, wajen sefa miliyan 157. Shekara guda ta tarbiyya bayan yaro ya kai 16 ta kama kusan miliyan 15,7. Ta ƙuruciya kusan miliyan 8. Ga ƙungiyar unguwa mai neman kuɗin riguna da ƙwallaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sharaɗin dai takarda ce. Sai sunan yaro ya kasance a rajistar hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, ƙarƙashin sunan ƙungiyar, shekara bi shekara, sannan kason ke tabbata. Shekarun da ya yi yana buga tamola a fegin rairayi na Kirkisoy ko Karaje, hannun wani mai horaswa na sa-kai wanda bai yi rajista ba, ba su cikin lissafi ko da kowa a unguwa ya shaida. A da kuma sai ƙungiya ta ji labarin cinikin da kanta, ta rubuta, ta kai ƙara cikin shekara 2, in ba haka ba hakkinta ya faɗi. Tun watan nobamba 2022 FIFA ta buɗe ma'aikatar biya a Paris, wadda ke karɓar kuɗin daga mai saye ta aika kai tsaye bisa takardar tarihin ɗan wasa ta kwamfuta. Wannan ya rage wahalar bin bashi, amma bai ƙirƙiro shekarun da ba a rubuta ba, kuma ƙungiyar da za a biya sai ta nuna takardun kafuwarta da asusun banki da sunanta kafin a saki ko dala.

Akwai hanya ta uku da ba ta jiran FIFA, wato a rubuta kason sake saidawa cikin takardar cinikin farko. Ƙungiyar da ba ta iya jan ciniki wata shida tana iya karɓar kuɗi kaɗan yau, ta riƙe kashi 10 ko 15 na cinikin gaba. A kan adadin 2009, kashi 10 ya kama sefa miliyan 315, ninki biyu na dukan kason zumunci. Mai saye ya fi saurin yarda da wannan bisa ga ƙarin kuɗi hannu, domin ba ya biya sai ya sake saida ɗan wasan. Sai dai alkawarin na bin ran wanda ya ɗauke shi: Lokeren kanta kotu ta bayyana karyewarta a watan afrilu 2020, bayan kusan shekara ɗari da kafuwa.