Likitan Lacor da Ya Ƙi Gudu

A arewacin Uganda, kusa da garin Gulu, akwai asibitin Katolika da ake kira St. Mary's Lacor. Mishan ɗin Comboni ne suka kafa shi a 1959. A nan Dakta Matthew Lukwiya, ɗan ƙabilar Acholi daga Kitgum, ya yi aikinsa har ya zama shugaban likitoci, a shekarun da yaƙin 'yan tawaye ya hana yankin sakat.

A 1989, ranar Juma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu, 'yan tawaye suka dira asibitin da nufin su kwashe wasu sistoci. Lukwiya ya tare su, ya lallashe su su tafi da shi a madadinsu. Suka kuwa tafi da shi. Ya yi kusan mako guda yana gararamba tare da su a daji kafin su sake shi, yana dawowa kuma ya ci gaba da duba marasa lafiya. Daga baya ya je karatu Liverpool a Ingila, ya yi fice, aka yi masa tayin aiki a can, ya ce gida zai koma. A shekarun da suka biyo baya, dubban mutane kan kwana a harabar asibitin kowane dare don gudun 'yan tawaye masu satar yara, ƙofa kuma a buɗe take gare su.

A watan Oktoba na 2000 yana Kampala yana ƙarin karatu a jami'ar Makerere, iyalinsa na tare da shi, sai aka kira shi a waya: wata baƙuwar cuta tana kashe ɗaliban jinya a Lacor. Bai ɓata lokaci ba ya kama hanyar Gulu. Ya zauna ya bi takardun marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya gwada alamomin da abin da ke rubuce game da zazzaɓin da ke sa zubar jini, ya sanar da ma'aikatar lafiya cewa yana zargin Ebola ce. Gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu ya tabbatar da haka. Kafin ƙwararru daga waje su iso, ya riga ya ware ɗakin killace masu cutar.

Ebola cuta ce da ke bin hannun mai jinƙai. Tana kama wanda ya goge wa maras lafiya amai, da wadda ta riƙe kan ɗanta, da masu wankan gawa. Shi ya sa ma'aikatan jinya suka riƙa faɗuwa. Ana cikin haka, a ƙarshen Nuwamba, tsoro ya kai ma'aikatan maƙura, suka taru suna neman a rufe asibitin. Wa zai ga laifinsu? Abokan aikinsu suke binnewa. Lukwiya ya tsaya gabansu ya yi ta magana. Bai tilasta wa kowa ba; ya nuna musu mai son tafiya yana iya tafiya, amma shi yana nan, domin in aka rufe ƙofa masu cutar za su koma gida su mutu a hannun iyalansu. Suka koma bakin aiki.

Abin da bai sani ba a ranar shi ne cutar ta riga ta shige shi. Kwanaki kaɗan kafin taron, cikin dare, wani nas ɗinsa da ke kwance a ɗakin killacewa ya fita hayyacinsa, ya tashi daga gado jini na zuba masa ta hanci da baki. Aka tashe Lukwiya daga barci. Ya sa rigar kariya, da takunkumi, da safar hannu, amma bai sa gilashin kare ido ba. Haka ya shiga ya kama shi, ya mayar da shi gado, ya goge masa jiki.

Ana iya cewa sakaci ne, kuma shi da kansa ya sha jan kunnen ma'aikata kan irin wannan. Ni dai abin da nake gani, mutum ne da ya saba, shekara da shekaru, in aka kira shi don wani yana cikin wahala, ƙafarsa kan riga tunanin kansa. Kirista ne mai riƙo da addu'a, kuma aikin likita a wurinsa kira ne daga Allah. Abin da ya yi a daren nan shi ne abin da yake yi kullum. Bambancin kawai, wannan karon ransa ya biya.

Zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin da shi ya shirya wa wasu. Matarsa ta zo, amma sai cikin kayan kariya take iya kusantarsa. Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2000, ya bar mata da 'ya'ya 5. Aka binne shi cikin gaggawa kamar yadda ake yi wa duk wanda Ebola ta kashe, a harabar asibitin, kusa da kabarin Dakta Lucille Teasdale, 'yar Kanada wadda ta kamu da ƙanjamau wajen yi wa majinyata tiyata, ta rasu a 1996.

Asibitin ya rasa ma'aikata 13 har da shi. A watan Fabrairu na 2001 aka sanar da ƙarshen annobar a Uganda, bayan ta kama mutum 425, ta kashe 224.