Baƙon Kare a Gida

Jama'a, kare maras ubangida yakan bi mutum har gida. In ya samu abinci kwana biyu, ya zauna ke nan. Yana tsaron garke da rumbu, amma ciwon hauka yakan ɓoye a jikin kare makonni, har watanni.

Don haka a ɗaure shi a inuwa, nesa da yara, da kwanonsa daban. A kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Zai yi kuka da dare. Kada a doke shi, baƙunta ce.

In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar nan. In ciwon ya bayyana, ba ya da magani.